Garwa Biyu a Kan Dutsen Kamaru

Ba zan ɓata takarda wajen faɗin yadda muka bar Dogon Dawa ba, ni da Barnaba. Kowa ya san yadda ake barin gida: ka ce wa mutanenka wata uku, ka shekara biyu. Zan fara daga bakin teku, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, lokacin kudancin Kamaru ya riga ya koma wata ƙasa dabam, mu kuma muka zama baƙi a cikinsa.

Barnaba Bagwari ne, Kirista, gonar gidansu tana iyaka da tamu. Tare muka tashi, tare zuma ta sha harbinmu a dajin Birnin Gwari. Ni sunana Garba, ɗan maharbi. Tun ban isa jan baka ba mahaifina yake shiga daji da ni, yana nuna mini inda ake samun ruwa ko da tsakar rani: gindin tukurwa, kogon kuka, yashin busasshen rafi da za ka tona kamu ɗaya ruwa ya tsattsafo. Na faɗi wannan ne don a san irin taƙamar da na ƙunsa na tafi da ita ƙasar mutane.

Wani bafatake mai kanwa da albasa ne ya ja mu. Ya ce ana ɗaukar ma'aikata a gonakin ayaba, ga ɗaki ga abinci. Muka bi shi mota bayan mota, mu ke ɗora masa buhuna, mu ke saukewa. Ranar da muka isa unguwar Hausawa ta garin Biktoriya, a bakin teku, ya ce mu zauna a ƙofar wani shago, zai je ya kira mai ɗaukar aiki. Muka zauna har rana ta faɗa cikin ruwa. Mai shagon ya leƙo ya dube mu, ya ce mu ne na uku da mutumin ya ajiye masa a bana. Ashe 'yan dako ya samu a banza. Mai shagon ya ba mu tabarma a bayan shagonsa, bai kuma taɓa tambayarmu ranar tashi ba. Allah ya saka masa.

Mun yi kusan wata guda ba aiki. Ba na iya zama. Da safe in je bakin ruwa in ga baƙin yashi, in dawo, in sake komawa. Garin a matse yake, teku a gaba, dutse a baya. Dutsen kuwa ba ka ganin kansa, kullum yana cikin gajimare. Ina kallonsa ina tuna dajinmu, inda in ka hau ɗorawa za ka hangi hayaƙin ƙauye uku.

Ana nan sai aka ce wani safiyo, mai awon ƙasa, yana neman masu ɗaukar kaya. Dogon mutum ne daga yankin Bamenda, mai gajeren wando da doguwar safa. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Aikinsa shi ne kafa turakun siminti tun daga bakin teku har can sama, saboda taswira. Aka ce mana tafiyar kwana huɗu ce. Kwana goma sha ɗaya muka yi.

Mu takwas ne. Akwai Safiyo, akwai helman 'yan dako mai suna Okon, mutumin Kalaba, da mutanensa uku, sai ni da Barnaba. Na takwas shi ne jagora, wani tsohon maharbi ɗan asalin dutsen. Kowa yana ce masa Mola, wato kamar kawu a bakinsu. Ya iya 'yar Hausar kasuwa, domin ya daɗe yana sayar wa Hausawa zuma.

Tun wajen rabon kaya aka fara. Okon ya miƙa wa kowa tsumman gammo. Ni na naɗa nawa na ɗora rabin buhun siminti. Barnaba ya karɓi nasa ya sa a aljihu, ya saro sanda ya ɗaure kayansa a bakinta biyu, ya saɓa a kafaɗa.

Okon ya yi masa magana da Turancin buroka, yana nuna ka. Barnaba ya ɗan iya, ya amsa masa. Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce kaina ba jaki ba ne. Shi ke yi mini tunani, sannan in ɗora masa kaya? Mu a gidanmu kafaɗa ke aiki."

Na ce, "Bagwari, wane tunani? Wanda ya kawo mu nan?"

"Ai kai ka kawo mu, Malam, da kanka da ya saba da gammo."

Okon bai ji abin da muke cewa ba, amma ya ji dariyar, bai kuma so ta ba.

Zangon farko da na biyu duk a gefen teku muka yi su. Hanya ta ratsa gonakin kwakwa, sannan ta ƙare, muka koma bin baƙaƙen duwatsu ruwa yana dukan ƙafafunmu. Sama kuwa ba ta huta ba. Ni dai ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ba hadari, ba iska, ba tsawa, zuba kawai yake kamar an yi mantuwa an bar shi a buɗe. Na rufe simintin da tamfol, ni kuma na jiƙe har ƙashi.

A wani ƙauyen masunta wata tsohuwa ta ga muna karkarwa a gindin rumfarta. Ba mu jin juna. Ta shiga ta fito da gwaza mai zafi da busasshen kifi a ganye. Na tsaya ina juya kifin, ina shakkar ko ya halatta in ci. Ta gane, ta kama kifin ta nuna mini ɓawonsa da kansa da wutsiyarsa, ta nuna teku, ta yi dariya ba haƙori ko ɗaya. Na ci. Rabona da abu mai zafi irin na hannun uwa tun Dogon Dawa, sai da na juya baya kada Barnaba ya ga idona.

Rana ta uku muka juya wa teku baya muka shiga kurmi. Ni da nake ce wa kaina ɗan daji, nan na ga dajin da ban sani ba. Ba kaɗanya, ba ɗorawa, ba itace ɗaya da zan kira da suna. Itatuwa sun tafi sama kamar ba za su tsaya ba, kansu ya haɗe, ƙasa duhu da rana tsaka. Gansakuka ta rufe komai. Mola yana can gaba da adda yana sara, mu muna bin saran. Matsattsaku suna manne mana a ƙwauri, kwarkwasa ta kore mu daga inda muka so hutawa. Sau biyu muka tarar da kashin giwa yana tururi, Mola ya ɗaga hannu, muka tsaya tsit har ya sauke.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin ganin sama. Ban san gabas ba. In lokacin salla ya yi sai in tambayi Safiyo, ya ciro 'yar na'urarsa mai allura ya nuna mini da haɓa. Ƙafata tana tafiya, zuciyata tana gaba da ita, ina ta ƙagara mu fita, ban san inda nake son mu fita ba.

Rana ta huɗu da hantsi muka zo wani rafi mai sanyi. Mola ya sa aka sauke kaya, aka kwance garwa huɗu na kananzir da muke ɗauke da su ba komai a ciki. Ya ce a cika su har baki. Sannan ya zo gabana, domin ya lura ni ne mai yawan tambaya, ya ce da Hausarsa:

"Wannan ruwa na ƙarshe. Sama babu ruwa. Ka ji?"

Na ce na ji. Na kuwa ji, ban rasa kalma ɗaya ba. Amma a daidai lokacin ruwan sama yana gangara mini ta ƙeya, kowane ganye yana ɗiga, ƙasa tana tsotsar ƙafata. Na ce a raina, tsohon nan bai san tono ba ne.

Okon ya ba mutanensa biyu garwa ɗai-ɗai. Ya juyo ga Barnaba ya ce wani abu, mutanensa suka bushe da dariya. Barnaba ya fassara mini: "Wai tunda kafaɗa biyu gare ni, garwa biyu ce tawa."

Daga rafin nan hanya ta miƙe tsaye. Muna kama saiwoyi muna jan jiki. Ina bayan Barnaba, ina ganin sandar tana lanƙwasa, tana cin kafaɗarsa ta dama wadda dama kwana uku ke nan tana jiƙe ana gurzarta. Kafin la'asar rigarsa ta yi ja a wurin. Da muka sauka na ɗaga rigar, fata ta tafi, nama ne a fili.

Na ce, "Ɗora ɗaya a ka, ni in ƙara ɗayar a kan simintina."

"Ka karye a banza? Bari."

"To ɗora a ka, don Allah. Wa zai gan ka a nan? Tsohuwarka tana Dogon Dawa."

Ya ce, "Ni zan gan ni."

Washegari da sassafe, kowa yana ta ɗaure kayansa, Barnaba ya zaga bayan itatuwa. Ruwa yana ta zuba kamar kullum. Na jawo garwa biyun bayan wata saiwa, na zare toshiyar, na tuntsurar da fiye da rabin kowace. Na san garwar da ba ta cika ba tana da surutu, saboda haka na tsinko ganye na cusa a ciki, yadda matanmu suke sa ganye a bakin tulu kada ruwa ya yi ta tambal-tambal. Na mayar da toshiya na ɗaure. Wannan ganyen shi ya fi tsaya mini a rai har yau. Zubar da ruwan tausayi ne da wauta. Ganyen kuwa na san abin da nake yi.

Barnaba ya dawo ya saɓa sanda. Ya tsaya. Ya ɗan ɗaga ta ya sauke.

"Garba, garwar nan ta yi sauƙi."

Na ce, "Ƙarfi ne ya dawo maka."

Ya dube ni, ya dubi jiƙaƙƙen wurin da ke bayan saiwa, ko da yake ko'ina a jiƙe yake. Ya rage murya. "Tsohon ya ce babu a sama."

"Ni da na tashi a daji? Duk inda ƙasa take akwai ruwa a ƙarƙashinta. In mun isa zan tona maka rijiya ka yi wanka."

Ya gyara sandar a kafaɗa ya bi sahu. Ya yarda da ni, domin a gida bai taɓa ganin na nemi ruwa na rasa ba.

A ranar da azahar kurmi ya ƙare. Ba a hankali ya ƙare ba, kamar an yanke shi da wuƙa. Taki ɗaya kana cikin duhu, taki na gaba kana fili. Ciyawa ce gajera, cunkus-cunkus, har iyakar gani, ta haura sama. Na juya na ga gajimare a ƙarƙashinmu, ruwan da ya yi kwana biyar yana dukanmu yana can yana zuba a kan kurmi, mu muna bisa shi a bushe. Na yi murna da ganin sama. Murnar ba ta daɗe ba, domin iska ta taso, irin wadda ke shiga ta haƙori.

Muka yi kwana biyu muna haurawa, muna kafa turaku. Kowane turke sai an kwaɓa siminti, kowane kwaɓi sai ruwa. Garwar mutanen Okon aka fara buɗewa. Ni kuwa idona yana ƙasa. Duk kwarin da muka ratsa sai in ɗan tsaya in caka sanda. Ciyawa ta yi ta raguwa, ƙasa ta koma baƙar toka da wani irin dutse mai huji-huji kamar saƙar zuma, mara nauyi, mai yanka kamar kwalba. Mola ya ce wuta ce dutsen ya taɓa amayarwa ta daskare. Ban ga tsuntsu yana sauka sha ba. Ban ga sawun dabba da ya nufi wuri ɗaya ba. Na daina alwala, na koma taimama da baƙar toka, na ce wa kaina tattali nake yi. Da safe raɓa takan daskare fari a kan bargo, kafin ka tattara ta iska ta lashe.

Rana ta bakwai da yamma, a gindin wani dutse da muka fake, garwa ta biyu ta ƙare. Okon ya jawo garwar Barnaba ya zare toshiya. Ya leƙa. Ya sa yatsa ya zaro ganye. Ya buɗe ɗayar, ya zaro wani ganyen. Ya ɗaga su sama kowa ya gani.

Mutanensa suka taso. Ɗaya ya shaƙi wuyan rigar Barnaba, daidai kan ciwon. A lokacin zazzaɓi ya riga ya kama shi, kafaɗar ta kumbura tana wari. Safiyo ya ce a sake shi, aka sake shi. Ya yi tambaya ɗaya: wa ya zubar?

Ina tsaye taki uku daga wurin. Barnaba bai dube ni ba. Ya ce, "Ni na ɗauko su."

Safiyo ya auna abin da ya rage da gwangwanin madara. Ya ce kowa gwangwani ɗaya da safe, ɗaya da yamma, Barnaba rabi. Ya ce wanda ya zubar shi zai koma rafi ya cika, gobe. Rafin nan yini biyu ne a ƙasa, ta cikin kurmin giwaye, ga mutumin da ko tsayuwa da kyar yake yi.

Na buɗe baki. Na ga idon mutanen Okon, na ga leɓunansu a tsage. Na tuna ba ni da takarda, ba ni da kowa a ƙasar. Sai wata murya ta ce mini, yi shiru, gobe kafin azahar za ka tono ruwa, magana ta mutu. Na rufe bakina.

Gari ya waye Barnaba bai iya tashi ba. Safiyo ya dube shi, ya ce a ƙara masa yini ɗaya, ya ɗauki Okon da mutanensa suka tafi awo. Na ba Barnaba gwangwanina a ɓoye. Ya sha rabi ya turo mini saura.

Ya ce, "Ina rijiyata, Malam?"

Wasa yake yi, amma muryarsa kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Na ɗauki shebur ɗin kwaɓa siminti na fita.

Ban san ramuka nawa na tona a ranar ba. Na bi kwari na tona a inda ya lanƙwasa, yadda mahaifina ya koya mini. Toka. Na tona a gindin wani guntun itace da ya fi sauran kore. Toka, sannan dutse. Na ga kogo na shiga da rarrafe, na shafa bangonsa, sanyi ƙalau amma a bushe. In na tona nan sai in ga kamar can ya fi, in bar ramin in ruga. Numfashi ba ya isata, kaina yana sarawa, in na yi taki goma sai na dafa gwiwa. Hannuna ya fashe, shebur ya lanƙwashe. Na tuna ruwan da na tuntsurar a bayan saiwa, ina jin ƙararsa a kunnena. Na kira sunan mahaifina a fili, kamar zai fito daga bayan dutse ya nuna mini wuri.

Wajen la'asar na ɗago daga wani rami na ga Mola zaune a kan dutse, ya rungume bindigarsa. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Ya ce, "Dutsen nan yana shan ruwansa duka. Yana fitarwa can ƙasa, bakin teku. Ko ka tona har shekara."

Na sake caka shebur a ƙasa. Ya ci gaba:

"Tun safe ina kallo. Wancan yana kwance. Kai kana tono kamar mahaukaci. Wanda bai zubar ba, ba ya tono haka."

Na zauna a bakin ramin. Na ce, "Baba, ni ne."

"Ba ni za ka gaya wa ba."

Muka koma tare. Safiyo yana zaune yana rubutu a littafinsa, su Okon suna kwance sun rufe fuska. Na tsaya a tsakiya na ce wa Mola ya fassara, kada ya rage komai. Na faɗi zubarwar, na faɗi ganyen. Okon ya tashi ya kwaɗa mini mari ɗaya, na ji gishirin jini. Ban ɗaga hannu ba. Barnaba daga cikin bargo ya ce, "Ka cika surutu, Garba. Da an bar shi a kaina." Safiyo ya rufe littafi. Ya ce maganarsa ba ta canja ba: wanda ya zubar shi zai ɗebo. In mun sauka kuma aikina ya ƙare.

Na ce na yarda. Amma kowa ya san lissafin: yini biyu sauka, yini biyu hawa. Barnaba ba zai kai ba.

Mola ya ja ni gefe. Ya yi mini tambayar da ban zata ba.

"Ka iya rubutu?"

Na ce a'a.

"Ko kaɗan?"

"Ko sunana."

Ya ce akwai wani wuri da maharbansu suka sani, inda ruwa ke ɗiga daga dutse. Ba sa nuna wa baƙo. In ya kai Safiyo, zai sa shi a takarda, ya kafa masa turke, gobe kowa ya sani, namun da ke sha a wurin su watse. "Kai ba ka da takarda. Gobe da asuba. Ba ka gaya wa kowa hanya, har ka mutu."

Na ce na ɗauki alkawari.

Da asuba ya cire wata tsohuwar rigar soja da yake sawa a ciki ya ba ni. Muka juye sauran ruwan a tukunya, na ɗauki garwa biyun. Na fara naɗa gammo, Mola ya girgiza kai. Ya ce iskar inda za mu bi tana ture mai kaya a ka, kuma garwa biyu ba ta zama a kai ɗaya. Na sunkuya na ɗauki sandar Barnaba. Jininsa ya bushe a tsakiyarta.

Tafiyar zuwa ba zan faɗi ta inda muka bi ba. Zan ce dai mun ratsa filin wannan baƙin dutse mai yanka, takalmina na taya ya rabu biyu na ɗaure shi da igiya. Hazo ya rufe mu sau biyu, fari fat, har ba na ganin hannuna, sai in bi tarin Mola. Da rana ta take tsaka muka isa. Ban ga kore ba, ban ga wata alama da mahaifina zai gane ba. Tsaga ce kawai a jikin dutse, ruwa yana fitowa siriri kamar zaren saƙa. Na durƙusa zan kafa baki, Mola ya riƙe ni, ya fara ɗiba a tafin hannu ya zuba a ƙasa, ya yi magana da harshensu, sannan ya sake ni. Ni kuma na yi bisimilla.

Cikar garwa biyu ta ɗauki lokacin da ya fi tafiyar tsawo a wurina. Na zauna, na tashi, na zaga, na dawo na leƙa. Mola ya ce in zauna, kallo ba ya ƙara masa gudu. Na cika su har sai da suka tumbatsa.

Da na saɓa sandar na miƙe, sai na san abin da Barnaba ya hau da shi yini guda bai ce uffan ba. Kafin mu yi rabin hanya kafaɗata ta saɓule. Na mayar hagu, ita ma ta saɓule. Na faɗi sau ɗaya a kan gwiwa, amma na riƙe garwar ba ta taɓa ƙasa ba. Mola bai karɓa mini ba ko na taki ɗaya, ban kuma roƙe shi ba.

Rana tana gab da faɗuwa muka iso. Su Okon suka taso da gwangwanaye, Safiyo ya tsayar da su, ya nuna bargon Barnaba. Na tallafo kansa na ɗiga masa a hankali. Ya daɗe kafin ya haɗiya. Ya sha, ya huta, ya ƙara sha. Sannan ya buɗe ido ya ga rigata ta yi ja a kafaɗa biyu.

Ya ce, "Ta yi nauyi?"

Na ce, "Ta yi."

"Ƙarfi ne ya ƙare maka."

Mola ya dafa ruwa da wani ganye ya wanke masa ciwon. Washegari aka kafa turken ƙarshe a can ƙoli, ni na kai simintin. An ce daga nan ana hangen teku da wani tsibiri. Ni ban ga komai ba sai hazo, hankalina kuma yana ƙasa wajen bargo. Muka sauko ta wata hanya gajera, muna karɓa-karɓar goyon Barnaba. Har Okon ya goya shi, yana tafe yana zaginsa da harshensu. A asibitin mishan da ke gindin dutsen suka ce da an ƙara kwana ɗaya da hannun ya tafi, ko mai hannun.

Safiyo ya sallame ni kamar yadda ya faɗa. Muka yi sauran zamanmu a can muna ƙananan ayyuka, har muka samu na mota muka dawo gida.

Hannun Barnaba bai tafi ba, amma bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Yana shuka, yana noma da fartanya, garma ce ba ya iyawa.

Yanzu ga shi da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, har na iya rubuta wannan da hannuna. Malaminmu ya karanta ya ce labarin ya yi, sai dai in ƙara bayanin hanyar marmaron nan, mai karatu zai so ya sani. Na ce masa wannan shafin ba zai samu ba. Mola ya tambaye ni ko na iya rubutu, na ce a'a. Iyawar da na yi daga baya ba ta warware abin da na ɗauka ba.

Tun shekarar da muka dawo, duk damina sai na gama huɗar gonar Barnaba kafin in taɓa tawa. Bai taɓa roƙona ba, bai taɓa gode mini ba, ni ma ban so ya yi ba. Yakan zauna a gindin ɗorawar da ke kan iyakarmu da goran ruwa a gefensa. In na kai ƙarshen kunya na zo sha, ba ya miƙo mini nan da nan. Sai ya ɗaga goran ya girgiza a kunnensa, ya zare toshiya, ya rufe ido ɗaya ya leƙa ciki.

In ce, "Bagwari, me kake nema?"

Ya ce, "Ganye."